Wasiƙar Godiya ga Shagon Gyaran Ƙananan Injuna na Agege

Zuwa ga Malam mai shagon gyaran janareta da ƙananan injuna da ke Agege, tare da yaransa baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya kuma haƙuri da jama'a. Na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne domin godiyar da na yi muku da baki ba ta ishe ni ba, kuma yabon gwani ya zama dole. Ina son 'yan'uwanmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, duk wanda abincinsa ya rataya a kan ƙaramin inji, ya ji irin aikin da ake yi a shagonku.

Ni sana'ata itacen girki. Ana kawo mana gungume daga wajen Ijebu da Epe, mu faskara mu kai wa gidajen burodi da masu tsire da masu dafa abincin biki. Wanda ya san Agege ya san burodinta, kuma har gobe akwai gidajen da da itace suke gasawa. Da gatari muke yi a da, sai da aiki ya fi ƙarfin hannu na sayi injin faskare, mai tura gungume da ƙarfin man haidirolik har ya tsage a bakin ƙarfe. Injin fetur ɗin da ke juya famfonsa ɗan China ne, kwaikwayon Honda GX200 mai ƙarfin doki 6.5, irin dai wanda ke kan injin markaɗe da injin ban ruwa.

Da ruwan watan Yuni da Yuli ya tsananta, itace ya jiƙe, aiki ya tsaya, injin ya zauna a ƙarƙashin tamfol. Da rana ta buɗe muka zo tayarwa, ya ce bai san zance ba. Yarana sun ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, ko tari bai yi ba. Wani makanike da ya leƙo ya ja sau ɗaya ya ce inji ya buga, sai dai a sayi sabo. Ga masu burodi suna ta kira, ga gungume jibge. A wannan hali aka yi mini kwatancen shagonku.

Malam, abin da ya fara burge ni shi ne ka zo da kanka, kuma kafin ka ɗauki sifana sai da ka yi tambayoyi: yaushe rabonsa da aiki, wane fetur ne a ciki, tsayawa ya yi yana cikin aiki ko kuwa ajiyewa aka yi ya ƙi tashi, an taɓa canza baƙin mai. Sannan ka bi ƙananan abubuwan da ake rainawa. Ka duba makunni yana kunne, ka buɗe famfon mai, ka rufe cok (abin da ke rage iskar da ke shiga inji a lokacin tayarwa), ka tabbatar hannun haidirolik yana tsakiya, domin ka ce in yana gaba ko baya famfon haidirolik na riƙe da inji, igiya ta yi nauyi har mutum ya zaci fistin ya kama. Ka ja igiyar a hankali kana sauraro, ka ce da ƙarfinsa, yana matse iska yadda ya kamata, kuma injin da ya buga ba ya yin haka. A nan hankalina ya fara kwanciya.

Ka gaya wa yaronka, mu ma muna ji, cewa inji irin wannan abu huɗu yake nema: mai, iska, wuta da matsi. In ya ƙi tashi, ɗaya daga ciki ne ya ɓace, kuma a fara da wanda bincikensa ba ya cin kuɗi.

Da aka kwance fulogi aka jingina shi da jikin inji aka ja, babu wuta sam. Na riga na saki jiki za a ce kwayil, mai ba fulogi wuta, ya ƙone. Kai kuwa sai ka zare wata siririyar waya ruwan ɗorawa da ta fito daga gindin injin, ka ce a sake ja. Sai ga wuta shuɗiya tana tsalle a bakin fulogi, tas-tas. Ka ce ai wannan wayar ta na'urar gadin baƙin mai ce: in mai ya yi ƙasa, ita ke kashe wuta don kada inji ya yi aiki a bushe. Cikin injin bai wuce lita 0.6 yake ɗauka ba, saboda haka ɗan raguwa kaɗan, a haɗa da ƙasar wurinmu da ruwa ya zaizaye har injin ya karkace, ya isa ya sa ta ɗauke wuta. Aka daidaita masa zama da katako, aka zubar da tsohon mai wanda ya riga ya yi baƙi ƙirin, aka zuba sabo har bakin ma'auni, ka mayar da wayar, wuta ta ci gaba da fitowa.

A nan nake son in daɗe, domin nan ne na gane irin mutumin da nake hulɗa da shi. Wani maƙwabcina da ke tsaye ya ce, “Oga, ka yanke wayar kawai mana a huta, haka ake yi wa janareta.” Gaskiya ya faɗa, haka da yawa suke yi, inji ya tashi nan take, mai shi ya biya yana murna. Ka dube shi ka ce, “Alhaji, in na yanke ta, ranar da mai ya ƙare babu mai gaya masa. Ranar ce injin zai buga da gaske.” Da ka yanke, da ban taɓa sani ba, kuma da wataƙila bayan 'yan watanni wurinka zan dawo da aiki mai tsoka. Ka bar wannan kuɗin don tsoron Allah. Ina ganin duk mai janareta ya kamata ya duba tasa wayar yau, ya ga ko tana nan.

Wuta ta samu, amma inji bai tashi ba tukuna. Ya kan yi ɗan gurnani ya mutu. Ka duba fulogi ka ce a bushe yake, alamar mai ba ya isowa; da a jiƙe yake sharkaf, da an ce mai ne ya yi yawa. Yaronka ya kawo farar kwalba, ka kwance ƙaramin noti na ƙasan kafireta, abin da ke ciki ya tsiyaye. Ka ɗaga kwalbar a rana. Fetur ɗin ya yi ja-ja, warinsa ya canza, a ƙasansa kuma ga ruwa kwance ya ware daban kamar man gyaɗa da ruwa a kwano. Ka ce ruwa ya fi fetur nauyi, shi ya sa yake sauka ƙasa, kuma daga ƙasan kafireta take sha. Damshin Legas kaɗai ya isa ya tara ruwa a tankin da ba a cika ba, balle wanda ya sha damina a waje. Fetur kansa in ya haura wata guda a ajiye yakan fara lalacewa, ya bar danƙo. Mu da muka ga abin da gurɓataccen fetur mai sinadarin metanol ya yi wa motocin mutane a garin nan a watan Fabrairun 2022, ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan abin da mummunan mai ke yi wa inji.

Sai ka kwance kafireta a kan farin ƙyalle, kowane ƙaramin abu a jere. Ka zaro jet, ɗan ƙarfen tagulla da bai kai kan ɗan yatsa ba, ka ba ni ka ce in duba haske ta cikinsa. Ban ga komai ba, ramin ya toshe. Ka wanke shi, ka zura silin waya mai laushi, ka hura iska, ka sake miƙo mini, sai ga ɗigon haske. Ka gargaɗi yaronka kada ya taɓa sa allura ko ƙusa, don ramin a aune yake, in ya faɗaɗa inji zai riƙa shan mai yana hayaƙi har abada. Aka wanke tanki da ɗan kofin da ke tare datti a ƙarƙashin famfon mai, aka wanke soson matatar iska aka shanya, aka goge fulogi ka auna bakinsa tsakanin milimita 0.7 da 0.8. Da aka zuba sabon fetur aka ja, ya kama. Ka buɗe cok a hankali, muryarsa ta daidaita, muka ɗora gungume na farko ya tsage gida biyu. Yarana har da kabbara.

Abin da na saya duka bai wuce baƙin mai da gaskit ɗin kafireta ba. Ka nuna mini sabuwar kafireta a jakarka ka ce ga ta nan, amma tawa ba ta gaji ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota da na kaya suka koma, mai ƙaramar sana'a kuwa kowace naira da gurbinta. Ladan aikin da ka faɗa, wallahi sai da na sake tambaya ko na ji daidai.

Sannan ba ka tafi da iliminka ba. Ka tsaya ka koya wa babban yarona cewa in za a ajiye inji, a rufe famfon mai a bar shi ya shanye na cikin kafireta har ya mutu da kansa. A duba baƙin mai kullum da safe a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Kada a taɓa gwamnan inji, wato na'urar da ke daidaita gudunsa, don neman ƙarin gudu. Ka ja masa kunne sosai a kan abu biyu da suka shafi rai da lafiya: a zare hular fulogi kafin a sa hannu a ko'ina, kuma kada a laluba tiyon haidirolik da hannu in ana zaton yana yoyo, domin man da ke fita da matsi yana iya huda fata ya shiga jiki. Wannan na biyun ban taɓa jin wani ya faɗa ba, ga shi kuwa yara ne ke tsaye a kan injin nan wuni guda.

Ina kuma yaba wa yaranka. Ɗan Bayaraben nan da ke koyon aiki a hannunka yana jin Hausa rangaɗaɗau, yana da ladabi, ko noti ɗaya bai bari ya faɗi a ƙasa ba, kuma tsohon man da aka zubar a galan ya tattara shi, bai malalar mana a kwata ba. Wannan tarbiyyar shago ce, daga sama take sauka.

Injin yana nan yana aiki, masu burodi sun sami itacensu a kan lokaci. Na riga na turo muku mutum biyu daga cikin masu markaɗe na unguwarmu, wasu ma suna tafe.

Allah ya saka maka da alheri, Malam. Allah ya albarkaci shagon, ya ƙara buɗi, ya raya zuriya, ya sa yaran nan su gaje ka a aiki da gaskiya. A gaida mutanen gida.

Naka,
Mai sayar da itacen girki,
Agege, Legas.