A kafa wa birnin Kano ɗakin haɗa ayyukan gaggawa tun kafin damina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi kira ga mahukuntan Jihar Kano a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun ranar 10 ga Satumban 2024, ranar da aka wayi gari madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri.

Ƙanwata tana aure a unguwar Gwange da ke Maiduguri. Da asubar ranar ta kira ni tana cewa ruwa ya kai ƙirji a tsakar gida, sun hau rufin ɗaki ita da 'ya'yanta uku, cajin wayarta kuma yana gab da ƙarewa. Ni ina Kano, ba abin da nake iya yi sai tura sunan layinsu cikin zaurukan WhatsApp da kiran duk lambar da wani ya miƙo mini. Sai bayan la'asar wasu samari masu kwale-kwale suka sauko da su. Daga baya ta shaida mini cewa tana kallo kwale-kwale uku suka bi layi ɗaya a jere, alhali layin bayansu, inda wata tsohuwa take ta ɗaga mayafi, babu wanda ya leƙa. Ba na ɗora wa kowa laifi, domin jami'an tsaro da na agaji da 'yan sa-kai sun sayar da rayukansu a ranar, kuma ruwan da ya shiga fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa da gidan yari a lokaci guda ya isa ya rikita kowane gari. Abin da na ɗauka daga labarinta shi ne, yawan masu taimako ba ya wadatarwa idan babu wuri guda da ake sanin wanda aka ceto da wanda yake jira.

Wannan wuri shi ne abin da manyan birane suke kira cibiyar ayyukan gaggawa. Ɗaki ne guda mai taswirar gari a bango, inda kowace hukuma take da kujera: 'yan kwana-kwana, 'yan sanda, ma'aikatan lafiya, masu kula da hanyoyi, masu ruwa da masu lantarki, da wakilin masarauta. Sharaɗin farko shi ne wanda aka turo ya kasance mai ikon yanke hukunci nan take, ba wanda zai ce sai ya ji daga maigidansa ba. Na biyu, a naɗa shugaba ɗaya tun kafin abu ya faru, wanda idan ya ce motar asibiti ta nufi wuri kaza, ba a tsaya jayayya a kan wace hukuma ce ta fi wata. Duk kiran da ya shigo ana rubuta shi da lokacinsa da unguwarsa, a sa alama a taswira, kuma ba a goge alamar sai wanda aka aika ya dawo da labari ta oba-oba. Da irin wannan rajista ce ake gane cewa an riga an je layi kaza, saura na bayansa. Daga ɗakin ne kuma ake sanin asibitin da ya cika da wanda yake da gado, da gadar da ta nutse, da makarantar da za a buɗe wa waɗanda suka rasa matsuguni, sannan mutum ɗaya ne yake yi wa jama'a bayani ta rediyo domin a toshe ƙofar jita-jita.

Birnin Riyo da ke Brazil ya buɗe irin wannan cibiya a ƙarshen 2010, bayan ambaliya da zaftarewar ƙasa na watan Afrilun shekarar, ya tara hukumomi kusan 30 a ƙarƙashin rufi ɗaya, ya kuma kafa jiniya a unguwannin kan tsaunuka. Amma ba sai mun ƙetare teku ba. A Nijeriya an fara kafa cibiyoyin gaggawa na yaƙi da cutar shan-inna daga 2012, kuma Kano tana cikin jihohin da suka samu tasu. Lokacin da wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola a ranar 20 ga Yulin 2014, wannan tsari aka ɗauko, aka ɗora Dokta Faisal Shuaib a kan cibiyar, aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, gida-gida, kullum ana kawo rahoto teburi ɗaya. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cutar ta ƙare a ƙasar. A birni mai cunkoson Legas, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma 'yan ƙasar nan ne suka yi shi.

To me zai hana Kano ta faɗaɗa wannan darasi ya shafi gobara da ambaliya da rushewar gini? Mun ga gobarar Kasuwar Sabon Gari a 2016, mun ga ruwan da ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata dukiya mai yawa, ga kuma madatsun ruwa na Tiga da Challawa a samanmu. Hukumomin suna nan: akwai hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, tun 1999, akwai hukumar agajin gaggawa ta jiha, akwai KAROTA da Hisbah da Red Cross, ga lambar kiran gaggawa ta 112, ga hasashen hukumar yanayi ta NiMet da na NIHSA, hukumar da ke hasashen ambaliya, da suke fitowa kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Abin da nake roƙo shi ne a haɗa su a ɗaki ɗaya da yake aiki dare da rana, mai wutar sola da janareto, mai hanyar sadarwa da ba ta dogara ga layin wayar salula kaɗai ba, domin shi ne yake fara cushewa idan kowa ya ɗauki waya a lokaci guda.

Ina ƙara jan hankali a kan masu unguwanni, domin na ga sau da yawa ana tsara irin waɗannan abubuwa a manta da su. A cikin Birni akwai lungunan da motar kashe gobara ba ta shiga, kuma babu taswirar da ta san gidan da makaho yake ko gidan da mai jego take kwance kamar yadda mai unguwa ya sani. Aikin shan-inna bai yi nasara ba sai da hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shigo, don haka ya kamata kowannensu ya san lambar ɗakin, ɗakin ma ya san tasa.

Ina kira ga Majalisar Dokokin Jiha ta yi dokar da za ta fayyace wanda yake shugabantar ɗakin, ta ware masa kuɗi a kasafin kowace shekara, sannan a yi atisaye a Kantin Kwari ranar aiki da tsakar rana, tare da shugabannin 'yan kasuwa, a auna mintuna nawa motar farko take ɗauka kafin ta isa, a kuma sanar da jama'a sakamakon kafin ruwan watan Agusta ya zo.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano