Wasiƙa zuwa ga Isuhu a Kwatano

Maradi, unguwar Sabon Gari

Aminina Isuhu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiyar Allah, an shiga girbin gero.

Ka tuna Sani, ɗan yayata? Ya tara kuɗin kabu-kabu ya sayo tsohuwar piyano daga Kano, yanzu gidanmu an yi ban kwana da barcin rana. Ran Juma'a ya zaunar da ni wai zai nuna mini abin da suke kira akor. Ya danna do, mi, sol lokaci guda, sauti uku suka narke suka zama ɗaya. Ya ce a kan irin wannan jituwa Turawa suka gina kiɗansu. Daɗi kam akwai, ba zan ɓoye maka ba.

Sai na ce to ya bi ni, na jawo waƙar dakan da Inna take yi. Isuhu, abu ya ƙi! Yana ta sauya akor, waƙar tana tirjewa, kamar an zuba miyar kuka kan burodi. Da ya gaji ya koma kan baƙaƙen maɓallan kaɗai, masu jerin biyu, uku, biyu, uku. Nan take waƙa ta faɗa gurbinta. Ashe sauti biyar ne, kuma yawancin waƙoƙinmu a kan biyar ɗin suke tafiya, ba bakwai ɗin do-re-mi ba.

Tun ranar kunnena ya buɗe. A wani biki a Bagalam na tsaya dab da mai goge. Hanyar da mawaƙi ya bi ita yake bi, amma yana lanƙwasa ta, yana ɗan jinkiri, ya yi mata ado kafin ya cim masa. 'Yan amshi su huɗu, bakinsu ɗaya, ba mai hawa kan wani. A ƙasa ƙwarya tana riƙe da tafiya. Saƙa ce sosai: zare ɗaya a tsaye, saura suna ratsa shi. Na faɗa wa Sani, ya yi dariya ya ce kawu ya zama malamin kiɗa.

An ce a cocin can mawaƙa suna rabuwa murya huɗu. In ka ji, ɗauko mini a waya in sa wa yaron nan.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka,
Habu