A Riƙa Karanta wa Yara Littattafanmu da Babbar Murya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai albarka game da matakin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ɗauka a Nuwambar 2025, na soke tsarin koyarwa da harshen uwa a firamare. Tunda haka ta faru, Hausar yaranmu tana buƙatar wata ƙofa, kuma a ganina mafi sauƙi ita ce a riƙa karanta musu tsofaffin littattafanmu a bayyane.

Na gwada a gidana. Bayan sallar isha'i nakan shimfiɗa tabarma in karanta wa jikokina Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933. Ƙaramar cikinsu, wadda har yanzu ba ta iya haɗa baƙi ba, takan riƙe hannuna ta ce, "Kaka, dakata, mene ne fatake?" Sai in bayyana mata. Washegari na ji ta tana ba ƙawayenta labarin Malam Zurƙe da kalmomin littafin, har da karin maganarsa. Kunne yakan riga ido, shi ya sa yaron da ya saba jin jimla mai kyau ba ya shan wahala ranar da ya gamu da ita a takarda.

Ina kira ga hukumomin ilimin firamare na jihohinmu su ware minti ashirin kullum don wannan karatu, su kuma ba kowane aji kwafin Magana Jari Ce da Shaihu Umar. Kwafi ɗaya a hannun malami ya ishi aji guda.

Naka,
Wani malami mai ritaya, Zariya