Wasiƙa kan tumakinka da ke hannuna

Assalamu alaikum, aminina.

Ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Zongon Kumasi. Kuɗin sun iso. Ranar Alhamis na shiga Maigatari na sayo maka tumaki uku, Uda biyu da Balami ɗaya, fara sol mai dogayen kunnuwa. Sai da muka kai ruwa rana da dillali kafin ya sallama ta.

Ka ce in sakar musu rago nan take. Ka yi haƙuri, wannan kam ban yi ba.

Bara sakaci na yi, na bar ragona yana kwana cikin garke. Ya yi barbara a watan Maris, kuma ka san cikin tunkiya wata 5 ne, sai haihuwa ta faɗo a Agusta, tsakiyar marka. Turke ya zama caɓi. Ƙananan suka kama zawo. Wata asuba na tarar da ɗaya a kwance jikin katanga, jiƙe sharkaf, uwar tana shinshinarsa tana kuka. Biyu na rasa a mako guda. Ta bazara ma ba ta fi ba, don uwa ba ta samun abin da za ta ci, hantsa fayau.

Saboda haka ragon yana ɗaure a zaure sai Yuni. In Allah ya yarda su haihu a Nuwamba, ƙasa ta bushe, an kwashe amfani, ga harawar wake da ta gyaɗa jibge a kan rumfa, ga ƙowa da dusa da arha. Sanyin hunturu kuwa, zana da tsofaffin buhuna sun ishe shi.

Amma ka cire rai da Babbar Sallar da ke biye da haihuwar. Malamanmu na Malikiyya sun ce sai rago ya cika shekara ake layya da shi, ga Salla tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. Naka sai ta gaba, lokacin sun kusa shekara ɗaya da rabi, sun yi ƙaho, sun yi ƙiba. Mahauci zai karɓe su tun kafin nan, amma ba da kuɗin da kake so ba.

Ka turo kuɗin kanwa da maganin tsutsar ciki kafin ruwa ya sauka. In an samu mata, a riƙe ko a sayar? Ni dai da riƙewa na yi.

Maiɗakina tana gaida taka, ta ce goron da ta yi mata alkawari har yau shiru.

Naka har kullum.