Rahoton Kwamitin Gyaran Bututun Ruwa na Injin Shinkafarmu

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawa da sauran 'yan ƙungiya, ga bayanin aikin da kuka ɗora mana na sauya bawul-bawul, wato makunnan buɗe ruwa da rufe shi, a layin ruwan injinmu da ke hanyar Kalambaina. Alhamdu lillahi an gama, an gwada, kuma an riga an jiƙa shinkafar farko da ta zo daga fadamar Kwalkwalawa ba tare da ɗigon ruwa ko ɗaya a ƙasa ba.

Kowa ya san halin da muke ciki a da. Tsofaffin bawul ɗin masu kan sitiyari sai an yi ta murɗawa kafin su rufe, wasu ma sun ci tsatsa sun ƙi motsi, har yara na sa musu guduma. Mun cire 14, muka sa bawul mai ƙwallo a madadinsu. A cikinsa akwai ƙwallon ƙarfe mai rami a tsakiya, zaune tsakanin zobba biyu na Teflon, wata irin roba mai santsi. Juyi ɗaya na digiri 90 ya wadatar: idan hannun bawul ɗin ya bi tsawon bututu a buɗe yake, idan ya gitta a rufe. Daga bakin ƙofa ma mai gadi zai iya ganewa.

A layin ruwan sanyi daga burtsatse zuwa tanki mun sa na tagulla. A layin ruwan jiƙo, wanda zafinsa ke kai digiri 60 zuwa 70, mun sa na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai rami daidai faɗin bututu don kada ruwa ya ragu. An ɗan yi gardama a kan tsadarsa, amma kwamiti ya tsaya a kan haka. Layin tururi kuwa ba mu taɓa bawul ɗinsa ba, domin can ana buƙatar ƙarawa da ragewa a hankali, mai ƙwallo kuma ba aikinsa ke nan ba.

Wajen ɗaurawa ne muka fi ɓata lokaci. Mai walda ya so ya yi aikinsa bawul na jikin bututu, sai babban makanikinmu ya hana, ya ce zafi zai lalata zobban. Aka kwance tsakiyar bawul ɗin aka ajiye, aka yi walda, ƙarfe ya huce, sannan aka mayar. Notuka kuma ba bi da bi aka ɗaure su ba, sai wannan da na gabansa a gicciye, don bakin ya zauna daidai. Inda bututu ke lilo an kafa masa madogara, kada nauyi ya faɗa kan bawul.

Kuskure ɗaya mun yi, kuma namu ne. A ranar farko an buɗe ruwa a layin tanki na biyu kafin a wanke bututun, sai yashi da ɓurɓushin walda suka karce zoben bawul ɗaya ya soma yoyo. Mun sauya shi. Daga nan kowane layi sai da aka buɗe bawul ɗinsa duka, ruwa ya gudu har ya fito fes, kuma muka ƙara matata a bakin famfon burtsatse, tunda ruwanmu yana zuwa da yashi.

Gwaji an yi shi da ruwa, ba da iska ba. Layinmu yana aiki a matsin bar 4 (bar ma'aunin matsin ruwa ne), aka tura shi zuwa bar 6, wato ninki ɗaya da rabi, aka zuba wa geji ido allurar ba ta sauka ba.

Roƙonmu ga ma'aikata: kada a bar bawul ɗin nan rabi buɗe don rage ruwa, haka ne ke cinye zoben. Kuma a rufe a hankali. Wanda ya fizge hannun lokacin da famfo ke aiki zai ji bututu ya yi ƙara kamar an doke shi, wannan bugun yana fasa mahaɗa. Waɗanda ba a cika amfani da su ba a riƙa juya su duk wata, kada su ƙage.

Rasit-rasit duka suna wurin ma'aji ga mai son dubawa. Bawul uku na bayan tanki suna cikin rana tsirara, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a nan Sakkwato, don haka muna neman taro na gaba ya amince a yi musu rumfa.