Barka da Sallah daga Ohayo

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanku da Sallah, da fatan an sha ruwa lafiya, Allah Ya karɓi ibadunmu. Mun yi idi a wani babban zaure da aka kama haya, mu da Somaliyawa da 'yan Pakistan. Da aka fara kabbara sai filin Ƙofar Mata ya faɗo mini a rai, na tuna yadda nake riƙe wa Baba darduma. Inna, na sa shaddar da kuka aiko, sai dai ta matse ni a kafaɗa. Ɗaga ƙarfe ne ya jawo.

Baba, kun tambaye ni ko ban gaji da wannan ƙwallon Amurka ba, tunda har yanzu ban buga wasa ko ɗaya ba. Gaskiya akwai ranar da na gaji. Azumin bana ya faɗo daidai atisayen da jami'o'i ke yi bayan sanyi, wanda doka ta ba su kwana 15. Ina yin sahur, in yi asuba, ƙarfe shida ina ɗakin ɗaga ƙarfe, daga nan aji, da la'asar kuma fili, da hular kwano da sulke a jiki. Ni ina cikin waɗanda suka shiga ƙungiyar ba da tallafin karatu ba, aikinmu mu tsaya a matsayin abokan hamayya, manyan 'yan wasa su gwada dabara a kanmu. A rana ta goma ga azumi wani ƙato ya maka ni da ƙasa har sau uku. Da na koma ɗaki na zauna gaban dabino, wallahi na yi tunanin ajiye kayan.

Abin da ya tsayar da ni, na tuna ku a gona lokacin da azumi ya zo da zafi. Ba ku taɓa duban ƙarshen gonar ba, kunya ɗaya kuke gamawa ku kama ta gaba. Wasan nan ma haka yake: dama huɗu ake ba ka ka ci yadi 10 gaba da ƙwallo, in ka ci a sake ba ka wasu huɗu. Sai na daina lissafin watan Agusta da za a fara kakar wasa. Na sayi ƙaramin littafi, kullum ina rubuta nauyin da na ɗaga da kuskure ɗaya da na gyara.

Akwai kuma waɗanda suka riga ni. Husain Abdullah ya yi atisaye da azumi a bakinsa a ƙungiyar Minnesota Vikings, a 2012 ma ya ajiye wasa shi da yayansa Hamza suka tafi aikin Hajji. Christian Okoye ɗan Inugu bai fara wasan ba sai yana da shekara 23, amma a 1989 babu wanda ya kai shi cin yadi da gudu a NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan ƙwallon.

Kada ku damu da karatu. Cikin 'yan wasan jami'a ɗari, ko biyu ba sa kaiwa NFL, kuma wanda makinsa ya faɗi ba a barinsa ya shiga fili. Digirin da kuka turo ni nema shi ne a gaba.

Shekaranjiya koci ya kira sunana daidai a gaban kowa, ya ce in shiga layi na biyu, wato masu canjin manyan 'yan wasa, ranar Asabar. Inna, a sa ni a addu'a, musamman gwiwar hagu da ke ɗan damuna.

Na turo goron sallah ta hannun Yaya, a ba Auta nata, a gaishe mini da Goggo da Kawu. A ɗauko mini hoton tuwon sallah kafin a cinye.

Ɗanku mai kewarku.