Matar da ta bi masu kwashe shara 8,500 tana yi musu godiya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili, akwai wata mata da nake so masu karatu su ji labarinta, musamman yanzu da duk inda ka leƙa a Facebook faɗa ake kan 'yan feminis, wato masu rajin kare haƙƙin mata, wasu na zagi wasu na karewa, amma da wuya ka ji an kama sunan mutum ɗaya an ce ga abinda ta yi da rayuwarta.

Sunanta Mierle Laderman Ukeles, ba'amurkiya ce, an haife ta a 1939 a garin Denver, babanta malamin addinin Yahudawa ne, ita ma mai riƙo da addininta ce, matar aure da 'ya'ya uku. Fasaha ta karanta a Niyok, zane da sassaƙa. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa lokacin da cikinta na fari ya fito wani malaminta ya kalle ta yace to shikenan ke da fasaha kuma an rabu. Ta haihu a 1968, sai ta tsinci kanta a abinda kowace uwa ta sani, wankin nafkin, goge-goge, girki, ki gama ki juya ki tarar an sake ɓatawa, kuma mutanen da da suke tambayarta me kike zanawa yanzu sun daina tambayarta komai, kamar daga ta ɗau goyo ta daina tunani.

Abinda ya ja ni gare ta shine bata ce to bari in yar da tsintsiya in gudu ba. A 1969 ta zauna ta rubuta wata takarda ta shelanta cewa aikin duniya kashi biyu ne, akwai ƙirƙirar sabon abu wanda shi ake tafawa ake ba lambar yabo, akwai kuma kula da abinda ke akwai, shara da wanki da gyara da raino, wanda baya ƙarewa kuma babu mai ganinsa. Tace daga yau wannan na biyun shine fasaharta. A ciki ta yi wata tambaya ga masu ihun juyin juya hali na zamanin, wai to bayan an yi juyin, wa zai kwashe shara ranar Litinin da safe?

Ba a takarda ta tsaya ba. A 1973 ta je wani babban gidan adana kayan fasaha da tarihi mai suna Wadsworth Atheneum a garin Hartford, ta ɗau bokiti da mofa da tsumma ta durƙusa tana wanke matakalar ƙofar gidan awa da awanni, masu shigowa kallo suna raɓa ta suna wucewa. Amma wanda ya fi tsaya min a rai shine na akwatin gilashi. A gidan akwai gawar nan ta mutanen Masar na da wacce ake naɗewa da ƙyalle, tana cikin gilashi, kuma kilina ne yake goge gilashin kullum ba wanda ya damu. Sai ta karɓi tsumman ta goge da hannunta, ta buga tambari tace wannan gogewar aikin fasaha ce. To a dokar gidan duk abinda ya zama aikin fasaha kilina bashi da ikon taɓa shi, sai babban ƙwararre mai kula da kayan tarihi. Gilashi ɗaya, tsumma ɗaya, ƙura ɗaya, amma da aka canja wa aikin suna sai ya koma hannun manya.

Edita, ni 'yar mai shara ce, shi yasa. Mahaifiyata ta yi shekaru tana sharar titi bayan rasuwar babanmu. Kafin a kira assalatu ta tashi, ta ɗaure tsintsiyarta da roba dan kar ta zube, ta naɗe hanci da baki da tsohon gyale, lokacin hunturu in ta dawo gashin idonta fari fat da ƙura, tafin hannunta kuwa kanta ya cika shi har bata jin zafin tukunya in ta sauke. Ta dawo kuma ta ɗora wata sharar a gida. Ina firamare aka ce kowa ya faɗi sana'ar iyayensa, wallahi nace mamata bata aiki. Har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji, dan a lokacin kunya nake ji, kuma babu wanda ya taɓa gaya min cewa abinda take yi yana da suna balle daraja.

Mu koma kan Mierle. A 1976 ta shiga wani ƙaton bene a Niyok mai ma'aikatan gyara da tsafta wajen 300, ta roƙe su kowa ya ware awa ɗaya a rana ya ɗauki aikin da ya saba yi a matsayin fasaha, tana ɗaukarsu hoto tana tambayar kowa, wannan da kake yi yanzu aiki ne ko fasaha, shi ne zai yanke ba ita ba. Lokacin birnin na cikin matsin kuɗi sosai ana ta rage ma'aikata. Daga nan ne ta haɗu da hukumar kwashe shara ta birnin, a 1977 ta zama mai fasahar hukumar, ba albashi ba ko sisi, kuma ta riƙe wannan matsayi shekaru fiye da 40.

Sai babban aikinta, daga 1979 zuwa 1980, wata 11 cur tana bin ma'aikatan shara gunduma gunduma, duka gundumomi 59, dare da rana, zafi da ƙanƙara, har sai da ta gaisa da mutum wajen 8,500 hannu da hannu, kowanne tace masa na gode da kake raya birnin Niyok. Ni ban ce wata tamu ta je tana musabaha da maza ba, wannan al'adarsu ce can, mu muna da namu salon gaisuwar. Abin dubawa shine ta tsaya ta kalli kowa a fuska ta saurare shi. Suka riƙa bata labarin yadda mutane ke toshe hanci in sun gansu, ana korarsu daga ƙofar gida in sun zauna hutawa, kamar su ne suka tara bolar. A 1984 ta sa aka rubuta munanan sunayen da ake kiransu a jikin gilashin wani ɗakin baje koli, sannan ta gayyato jama'a har da manyan gari suka sa hannu suka wanke. Kafin nan a 1983 ta sa an lulluɓe motar shara da madubi, in ta wuce ka ɗaga kai zaka kalli masu bola sai ka ga fuskarka. A 2016 gidan tarihi na Queens da ke Niyok ya baje kolin ayyukanta na kusan shekara 50.

Na san wani zai ce wannan ai ba fasaha bace, wanke dakali ne kawai. Ni ba zan yi musu akan suna ba. Abinda na sani shine na karanta wa mahaifiyata labarin nan a waya ina fassara mata, ta yi shiru can tace, ashe akwai wanda ya lura. Bata ƙara komai ba ta cigaba da tsince shinkafarta.

Roƙona Edita, ku tura wakilinku ya fita da asuba ko sau ɗaya, ya tsaya da matan nan masu sharar titi ya tambaye su sunansu, shekara nawa suka yi suna yi, 'ya'ya nawa suka ciyar da tsintsiyar nan, in sun yarda a buga da hotonsu a shafin gaba. Zan sayi kwafi biyu, ɗaya na kai wa Inna.

Nagode,
Wata mai karatunku daga Kano